Wace irin wuta zan ba DAC da firi-amf ɗin da na haɗa da hannuna?

Mutum zai zauna ya yi sati yana zaɓen aisin DAC, wato ɗan guntun IC da ke mayar da lambobin dijital su zama sauti, ya yi solda tsaf tsaf, sai a ƙarshe ya ɗauko wata tsohuwar caja ya jona, ya kunna yaji lasifika na gurnani, ya fara zargin aisin alhali ba ruwansa. Ga tambayoyin da aka fi yi min akan wannan, da abin da na gani da idona.

Wai me yasa ake ta maganar wuta, ba aisin ne ke fidda sauti ba?

Aisin ba ya ƙirƙiro komai ɗan'uwa, wutar da ka bashi ita yake yankawa ya mayar da ita sauti. DAC yana karɓar lambobi ne ya auna su da wata tsayayyiyar wuta da yake ɗauka a matsayin ma'auni, toh idan ma'aunin nan yana rawa duk abin da aka auna dashi sai ya yi rawa. Ka duba lissafin CD mai bit 16, matakai 65,536 ne, idan DAC ɗinka yana fitar da 2V RMS irin na yawancin na'urorin gida, wato kamar 5.66V daga can ƙasa zuwa can sama, kowane mataki ɗaya bai wuce kamar maikurofolt 86 ba. Kaga ashe ƙaramar ƙazanta ma tana iya taka shi. Amma fa ba kowane sashe ne ke jin ƙazantar daidai da ɗan'uwansa ba, kuma nan ne mutane suke ɓarnar ƙoƙarinsu, su gyara inda baya buƙata su bar inda yake ciwo.

Folt nawa nake buƙata?

Ya danganta da aisin, buɗe takardar bayanansa kafin ka sayi komai. PCM5102A 3.3V kawai yake so, shi da kansa yake haɗa wutar negatif a cikinsa ya baka 2.1V a waje, shi yasa masu farawa suke sonsa. PCM1794A yana son 5V na ɓangaren analog da 3.3V na dijital, kuma karan yake fitarwa ba folt ba, dole sai ka saka masa ofamp a gaba, wato ƙaramin aisi mai ƙara ƙarfin sigina, wanda shima yana son tasa wutar mai hannu biyu, fositif da negatif. Tsohon TDA1541A na Philips kuwa har uku yake ci, +5V da -5V da -15V. Firi-amf, wato wanda sauti ke bi ta cikinsa kafin ya kai babban amfilifaya, idan mai ofamp ne irin NE5532 ko OPA2134 yawanci ±15V ake bashi, ±12V ma ta isa har ta yi yawa idan 2V kake turawa. Kar dai ka haura abin da aka rubuta, OPA2134 iyakarsa ±18V.

Taransfoma zan saka ko irin cajar laftof?

Ni idan firi-amf ne taransfoma nake sakawa da diyod da kafasito da regileta mai tsayar da folt wuri guda, saboda dattin da take kawowa sananne ne, 100Hz idan wutar gidanku 50Hz ce ko 120Hz idan 60Hz ce, kuma kowace regileta ta iya share wannan. Ita irin cajar laftof, wato SMPS, ƙarama ce bata zafi, amma tana kunnawa tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, daga gomman kilohaz zuwa ɗaruruwa, kuma regileta irin 7815 ƙarfinta na tace datti raguwa yake yi idan aka hau can sama, sai tartsatsin ya wuce ta kamar ba ta nan. Sannan akwai wani ɗan kafasito a cikin irin cajar nan da ke tsakanin ɓangaren wutar gida da ɓangaren fita, ta nan ɗan karan yake ɗiga ya bi giraun ɗinka, wato layin 0V, ya shiga wayar sauti.

Ba wai SMPS haramun ba ce. Manyan kamfanoni suna amfani da ita kuma na'urorinsu shiru kake ji, don sun san yadda ake tace ta. Idan ita kake da ita ka nemi mai kyau, ka saka koyil da kafasito a bakinta kafin regileta, ka nesanta ta da wayoyin shiga. Amma wanda ba shi da osiloskof da zai ga abin da ke faruwa, taransfoma tafi masa sauƙin samun shiru a karon farko.

Taransfoma ɗaya za ta ɗauki komai? Wace iri zan saya?

Nan ne nake so ka nutsu. Folt ɗin da aka rubuta a jikin taransfoma ba shi zaka samu bayan diyod da kafasito ba, ninka shi zaka yi da 1.414 ka cire abin da diyod ya ci. Mai 15-0-15 za ta baka kamar +20V da -20V, ita 7815 tana son aƙalla 2V sama da abin da take fitarwa, kenan 17V, toh kana da sarari ko da wutar gida ta ɗan sauka. Mai 12-0-12 kuwa 16V da ɗan wani abu za ta baka, bata isa ±15V ba, mita zai iya nuna maka 15 amma duk lokacin da wutar ta yi ƙasa tsakanin caji da caji regileta sakin aiki take yi, sai kaji zzzz. Ita da 7812 da 7912, masu bada +12V da -12V, ta dace.

Girman kafasito kuma lissafinsa ba wuya, ka raba karan ɗin da kake ja da abin da 100, wato 100Hz ɗin nan, sau girman kafasiton ya bayar. Idan kana jan 100mA da 2200µF, rawar da za ta rage kamar 0.45V ce, wannan regileta za ta cinye ta ba matsala. Ba sai ka jera 20,000µF a firi-amf ba, ƙaton kafasito yana sa diyod su riƙa fizgar karan da ƙarfi cikin ɗan gajeren lokaci kuma wannan fizgar ita ma datti ce. Ka sayi masu 35V, don taransfoma idan ba kaya a kanta tana haurawa sama da abin da aka rubuta.

Kuskuren da na taɓa yi da kaina shi ne ciro 5V na dijital daga wannan 20V ɗin. Fanel ɗin yana jan 200mA, 7805 tana zubar da 15V, ka ninka kaga wat 3 kenan a jikin ɗan ƙaramin ƙarfe. Ko minti biyar ba a yi ba na ɗora yatsa na janye da sauri, sauti ya riƙa ɗaukewa yana dawowa saboda regiletar tana kashe kanta idan ta yi zafi. Da na kawo wata ƙaramar taransfoma mai 7V daban, zafin ya dawo ƙasa da wat 1, kuma dattin dijital ya daina bin layin ofamp. Saboda haka ko dai taransfoma biyu, ko ɗaya mai naɗi daban daban.

7815 ta isa ko sai na sayi irin su LT3045?

Ga ofamp ta isa wallahi. NE5532 yana danne dattin wutarsa da kusan 100dB a ƙananan mitoci, wato kamar sau 100,000, duk abin da 7815 ko LM317 ta bari ya wuce ba zai kai kunnenka ba, indai ka saka 100nF dab da ƙafafun aisin, ba can nesa ba.

Inda regileta mai tsabta take da amfani na gaske wuri biyu ne. Na farko ƙafar analog ta DAC, musamman aisin ESS irin ES9038Q2M da wutar wannan ƙafar ita ce ma'aunin kanta, duk shuuu ɗin da ke kanta kai tsaye yake fita. Na biyu kiristal ɗin agogo, irin masu 22.5792MHz da 24.576MHz, don idan wutarsa ba tsabta bugunsa baya zuwa a daidai lokaci. A nan LT3042 mai 200mA ko LT3045 mai 500mA sun cancanta, hayaniyarsu 0.8µV ce. Sai dai ka kula, iyakar abin da LT3045 ke karɓa 20V ne, kar ka jona ta kai tsaye bayan taransfoma mai 15V, ka fara sauke wutar da LM317 tukuna. Kuma ƙanana ne sosai, yawanci a kan ɗan fanel da aka riga aka haɗa ake sayensu.

Wani abu da ke ƙona wa mutane kaya, ƙafafun 7915, regiletar -15V, ba jerinsu ɗaya da na 7815 ba, kuma ƙarfen bayanta ba giraun ba ne, wutar shiga ce. Idan zaka ɗaure su a ƙarfen sanyaya guda ɗaya ka saka musu maika a tsakani.

In bar DAC ɗin ya sha wutar USB kawai?

Zai yi aiki, USB 2.0 tana bada 5V har 500mA. Amma wutar kwamfuta ce, wani lokacin har motsin linzami zaka ji a lasifika. Ka bar ta ta ciyar da ɓangaren USB kaɗai, analog ya samu tasa. Idan dattin ta giraun yake shigowa, aisolato irin ADuM3160 yana yanke shi amma 12Mbps kawai yake ɗauka, ba zai yi da fanel masu gudun 480Mbps ba. Wayar haske ta TOSLINK ita kam ba ƙarfe a cikinta kwata kwata, ba ta inda karan zai bi.

Na yi duk wannan amma har yanzu akwai gurnani, ina zan duba?

Cire duk wayoyin shiga, ka haɗe bakin shigar da giraun, ka saurara. Idan ya yi shiru toh daga waje yake, na'urori biyu ne suka haɗu ta hanya biyu, ta wayar sauti da ta wayar at, wato wayar kariya ta uku a soket, giraun ya yi zobe. Idan bai daina ba ka saurari irinsa. Ƙugi mai kauri mai laushi yawanci maganaɗisun taransfoma ne ke shiga wayoyi, na taɓa kwance kusoshinta na matsar da ita kamar tafin hannu ɗaya na ɗan juya ta, ina juyawa ina jin ƙugin yana raguwa har ya ɓace. Mai zagaye irin toroyid tafi mai kusurwa ƙarancin wannan. Idan kuma zzzz ne mai kaifi toh ka duba inda ka ɗauko giraun ɗin sauti. Wayar da ta taso daga tsakiyar taransfoma zuwa manyan kafasito cike take da fizgar caji, idan ka ɗauko giraun a jikinta ka ɗauko har da dattin. Ka ɗauko shi bayan kafasito, wuri guda, kowane sashe ya zo da wayarsa can. Wayoyin AC kuma ka murɗe su biyu biyu kamar igiya.

Abu ɗaya dan Allah, kar ka cire wayar at daga akwatin ƙarfe don kashe gurnani. Ita ce za ta sa fiyus ya tsinke ranar da wayar wuta ta kwance ta taɓa akwatin, maimakon ta jira hannunka.

Batir fa?

Don gwaji ba kamarsa. Batir 9V guda biyu a jere, tsakiyarsu giraun, ka samu ±9V, idan gurnani ya ɓace da su ka san laifin na wutarka ne. Don kullum dai wahala ce, caji da sauka.

Idan na kunna sai lasifika ta yi ɗum, matsala ce?

Layin fositif da na negatif ne basa tashi tare, sai ofamp ya ɗan karkata kafin ya daidaita. Saka ɗan rile, wato makunni mai aiki da wuta, a bakin fita ya riƙe sautin a giraun na daƙiƙa biyu zuwa uku kafin ya saki. Kafin ka haɗa shi, ka riƙa kunna DAC da firi-amf tukuna sannan babban amfilifaya, wajen kashewa kuma ka fara da amfilifayar. In zaka saka hannu a ciki bayan ka zare soket, ɗora mita a kan manyan kafasiton tukuna kaga sun sauke, ko ka saka musu rezista 10k a tsakanin ƙafafu ya riƙa zuƙe su a hankali.