Gwajin huhu: iskar da ta fita da wadda ta ƙi fita

Wanda aka tura gwajin aikin huhu saboda haki ko sarƙewar numfashi yakan dawo da takarda cike da lambobi da gajerun haruffa: FVC, FEV1, TLC, RV. Da yawa sukan kafa ido kan lambar da ta fi ƙanƙanta, su yanke wa kansu hukunci tun kafin su koma wajen likita. Alhali lamba ɗaya ba ta faɗin cuta. A jere ake karanta su, kowace tana gyara abin da aka fahimta daga wadda ta gabace ta.

Me ake aunawa a wannan gwaji?

Yawan iskar da huhu ke ɗauka, da saurin da take fita. Baligi idan yana zaune a natse yakan shaƙi kimanin rabin lita a kowane numfashi. Idan kuwa ya cika ƙirjinsa iya ƙarfinsa, huhun matashi namiji mai matsakaicin tsawo yana riƙe kusan lita 6, na mace bai kai haka ba. Wannan jimillar ita ce TLC. Daga nan in ya hura da dukkan ƙarfinsa har sai da ya rasa abin fitarwa, abin da ya fita shi ne FVC, rabon da ya fita a sakan ɗin farko kuma FEV1. Amma duk yadda ya kai ga matse kansa, ba zai zazzage huhun tas ba, kimanin lita 1.2 takan rage a ciki. Wannan ragowar ake rubuta wa RV.

Tunda na hura a cikin na'ura, me ya sa aka ce in sake wani gwajin?

Na'urar hurawa, wato sifirometa, tsohuwa ce. Tun a 1846 likitan Ingila John Hutchinson ya bayyana irin tasa, har yau kuma ita ce ƙofar shiga. Sai dai abin da ya bi ta bakinka kaɗai take gani. Iskar da ta tsaya a ciki ba ta san da ita ba, don haka ba ta iya faɗin RV, wanda kuwa bai san RV ba bai san TLC ba.

A nan ake yawan yin kuskure. A ga FVC ya yi ƙasa, sai a ce huhun mutum ya ƙanƙance. Yana iya zama haka, yana kuma iya zama akasin haka ƙwarai: huhun ya kumbura ne, iska ta maƙale a ciki ta ƙi fitowa. Sifirometa tana iya sa a yi zargin takurewar huhu, amma tabbatarwa sai an auna TLC.

To yaya ake auna iskar da ba ta fitowa?

Hanyar da aka fi dogara da ita ita ce a sa mutum cikin ɗan ƙaramin ɗaki na gilashi a rufe ƙofar ruf. A matse masa hanci, ya kama bakin bututu da leɓunansa, ya dafe kumatunsa da tafin hannu. Yana cikin numfashi sai bututun ya rufe na ɗan lokaci, a ce masa ya ci gaba da ɗan haki a hankali duk da iska ba ta wucewa. Ƙirjinsa na motsi, matsin iskar ɗakin da na bakinsa suna canzawa, kwamfuta ta lissafo yawan iskar da ke cikin ƙirjin da dokar Boyle, wadda ta ce in aka matse iska ta ragu a girma, matsinta sai ya ƙaru daidai gwargwado. Arthur DuBois da abokan aikinsa a Amurka suka fito da wannan hanya a 1956.

Akwai kuma hanyoyin gas: mutum ya shaƙi iska mai ɗauke da sanannen adadin hiliyam a ga yadda ta tsinke a huhunsa, ko ya yi ta shaƙar zallar iskar oksijin ana tara naitirojin ɗin da yake fitarwa. Aibinsu shi ne gas ɗin ba ya shiga lungunan da suka toshe, saboda haka a mai toshewa mai tsanani sukan ba da lamba ƙasa da gaskiya.

Ta yaya ake gane toshewa daga takurewa?

Likita yakan fara da lissafin raba FEV1 da FVC, don ya ga kashi nawa na iskar ya fita a sakan ɗin farko. Mai lafiya yana fitar da wajen kashi uku cikin huɗu na iskarsa ko fiye a sakan ɗin farko. In rabon ya faɗi, hanyoyin iska ne suka ƙuntata, ana kiran wannan toshewa: asma, ko cutar COPD da hayaƙin taba da na girki da itace ke jawowa. In kuwa TLC ne ya faɗi, huhun ne ba ya buɗewa yadda ya kamata, wato takurewa.

A ce mutum biyu, kowanne ana sa ran FVC ɗinsa ya kai lita 4, TLC kuma lita 6, amma duk su biyun lita 2.4 suka hura. Na farko ya fitar da lita 1.2 a sakan ɗin farko, rabonsa 0.50 ke nan. Aka sa shi a ɗakin gilashi aka tarar TLC ɗinsa lita 7.2, a ciki 4.8 ba ta fita ko kaɗan. Huhunsa ya zama kamar tsohon balan-balan da aka sha hurawa har ya saki, yana karɓa ba ya iya mayarwa. Na biyu ya fitar da lita 2.1 a sakan ɗin farko, rabonsa ya doshi 0.88, amma TLC ɗinsa lita 3.6 kacal. Huhunsa ya taurare, ɗan abin da ya shiga yana fita a guje. FVC ɗinsu ɗaya, cutarsu ba ta haɗa hanya ba, maganinsu ma haka. Wani kuma yakan haɗa duka biyun, rabo ƙasa TLC ƙasa, kamar yadda ake gani a wasu da tarin fuka ya bar wa tabo.

In an ce takurewa ce, lallai huhun ne ya lalace?

Ba dole ba. Wani lokaci laifin naman huhun ne, ya yi tabo ya taurare, irin abin da ƙurar dutse ke yi wa masu fasa duwatsu da masu haƙar ma'adinai bayan shekaru. Wani lokaci kuma huhun lafiyarsa ƙalau, abin da ke kewaye da shi ne ya hana shi sakewa: ruwa ya taru a ƙirji, ko ƙashin baya ya karkace sosai, ko tsokar numfashi ta yi rauni. Mai raunin tsoka yana da alama tasa, TLC ƙasa amma RV sau da yawa sama, domin ba shi da ƙarfin cikawa kuma ba shi da na matsewa. Ƙiba kuwa abin da take fara cinyewa shi ne ɗan rarar da mutum ke iya turowa bayan ya gama fitar da numfashi na yau da kullum.

Abin da ke raba gardama shi ne gwajin DLCO. Mutum ya shaƙi iska mai ɗan ƙanƙanin kabon monokzayid da ba ya cutarwa, ya riƙe numfashi sakan 10, a auna nawa ya ratsa zuwa jini. In naman huhun ne ya lalace, lambar takan faɗi sosai. A ɓangaren toshewa ma yana da amfani: yana faɗuwa a wanda taba ta rusa wa jakunkunan iska, amma a mai asma yakan zauna daidai ko ya ɗan haura. Sai a lura, ƙarancin jini shi kaɗai yana iya sauke shi, shi ya sa ake duba jinin mutum kafin a fassara.

Da wa ake kwatanta ni da za a ce lambata ta yi ƙasa?

Da masu lafiya da kuke shekaru ɗaya, tsawo ɗaya, jinsi ɗaya. An daɗe ana cewa duk abin da bai kai kashi 80 cikin 100 na abin da ake sa rai ba ya yi ƙasa, rabon FEV1 da FVC kuma in bai kai 0.70 ba toshewa ce. Sauƙin tunawa ne ya sa waɗannan lambobi suka zauna. Amma rabon yana raguwa da tsufa ko babu cuta, sai ka ga an laƙa wa dattijo lafiyayye COPD, matashi mai toshewar gaske kuma ya tsallake da 0.72. A ganina ma'aunin da ya fi adalci shi ne iyakar ƙasa ta masu lafiya da ake rubuta wa LLN, wadda ake lissafa wa kowa tasa, kuma kashi 5 cikin 100 na masu lafiya ne kawai ke faɗawa ƙasa da ita. Da can ana rage ma'aunin baƙaƙen fata, abin da kan ɓoye cutar wasu. A 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a daina sa launin fata cikin lissafin.

Me ya sa aka fesa mini magani aka ce in sake hurawa?

Don a ga ko toshewar tana sakewa. Ana ba da salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, a jira kimanin minti 15. A ƙa'idar da aka fi sani, in FEV1 ya ƙaru da kashi 12 cikin 100 da kuma mililita 200, an amsa maganin, hankali sai ya karkata ga asma. COPD kuwa toshewarta tana nan ko bayan feshin. Mai asma da ya zo a ranar da ƙirjinsa ke sake yana iya samun sakamako mai kyau sarai, wannan bai wanke shi ba.

Sakamakon zai iya yin ƙarya?

Ƙwarai, domin gwaji ne da ke rataye a kan ƙoƙarin mai hurawa. Wanda bai cika ƙirjinsa ba, ko ya yi tari a tsakiya, ko ya tsaya da wuri, zai fito da lambar mara lafiya. Shi ya sa mai gwajin ke ɗaga murya yana "ci gaba, ci gaba", kuma ake neman hurawa uku masu kyau, biyun da suka fi kada tazararsu ta wuce mililita 150. Kada a sha taba ko a yi aikin ƙarfi awa ɗaya kafin gwajin, a sa tufafin da ba su matse ƙirji ba, a kuma tambayi likita ko za a dakatar da maganin shaƙa da na awa nawa. Wanda ya yi bugun zuciya kwanan nan, ko aka yi masa tiyatar ido, ƙirji ko ciki, ko yake tarin jini, ko ake zargin yana da tarin fuka mai yaɗuwa, ya faɗa tun kafin a miƙa masa bututun.