Yaro Ma Yana Shiga Damuwa

A Bauchi an daɗe ana cewa yaro bai san damuwa ba, tunda ba shi ke cefane ba. Wannan kuskure ne babba, domin a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna somawa ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba. Yarinyar da aka saki mahaifiyarta tana iya komawa fitsarin kwance, ko kukan ciwon ciki kowace safiyar makaranta, amma abin takaici sai a ce shagwaɓa ce, a ɗauko bulala. Ƙwararren mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa yakan fahimci damuwarta ta hanyar wasa ko zane, sannan ya zauna da iyayenta. Asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da iyaye za su iya tuntuɓa.