Zan bar aiki: yaya zan yi mu rabu lafiya da maigida?

Tambaya: Na samu aikin da ya fi wanda nake yi tsoka. Laifi ne in tafi?

Amsa: Ko kusa. Laifin shi ne mutum ya karɓi albashin ƙarshen wata, washegari a neme shi a rasa, waya a kashe. Wannan cin amana ne, kuma yana damuna ƙwarai yadda ya zama ruwan dare.

Tambaya: Sanarwar kwana nawa zan bayar?

Amsa: Fara duba takardar da ka sa wa hannu ranar da aka ɗauke ka. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya faɗi mafi ƙarancin wa'adi ga leburori da ƙananan ma'aikatan ofis: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce haka amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sai wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Sanarwar mako guda ko fiye dole ta kasance a rubuce. In kana sauri, kana iya biyan kuɗin kwanakin a madadinsu.

Tambaya: Wa zan fara gaya wa?

Amsa: Maigidanka, baki da baki, kafin ma takarda. Babu abin da ke ƙona ran ubangida kamar ya ji a bakin wasu. Yaron shago a Kantin Kwari da zai buɗe nasa, gara ya nemi dattijon da ya kawo shi su je tare, a ƙirga kaya, a duba littafin bashi, a yafi juna. Ma'aikacin ofis kuma ya miƙa makullai da kwamfuta da fayiloli, ya zauna ya nuna wa magajinsa inda aiki ya tsaya. Kwastomomin maigida kuwa, kada ka bi su ta bayan fage kana janye su.

Tambaya: Fanshona fa?

Amsa: A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 asusun naka ne, yana binka duk inda ka koma. Ka dai tabbatar an zuba abin da aka yanke maka.

Tambaya: Ina bin su albashi. In riƙe kayansu har su biya?

Amsa: A'a, sai gaskiyarka ta koma laifi. Mayar da kayan, a sa maka hannu an karɓa, ka nemi haƙƙinka a rubuce. In suka ƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara.