A Kai Yaron Asibiti Kafin Dattawa Su Zauna

Idan aka ce an lalata yarinya a harabar coci, mun san yadda aka saba yi. A kira uban, a kira wanda ake zargi, dattawa su zauna a ofishin fasto, a yi addu'a, a ce a yafe wa juna. Wani lokaci a sa mutumin horo, ya koma bencin baya, a hana shi cin Jibin Ubangiji. Kafin a gama zaman nan mako guda ya tafi, kuma a wurinmu ma'aikatan lafiya mako guda ya yi yawa.

Maganin da ke kare wanda aka yi wa fyaɗe daga cutar ƙanjamau, dole a fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa iyakarsa kwana biyar, kuma da wuri ya fi aiki. Don haka iyayena da 'yan'uwana, asibiti ne farko. Kada a yi wa yaron wanka, kada a wanke tufafinsa, a naɗe su a takarda a taho da su. In an riga an yi wankan, a zo duk da haka. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama a Kakuri, Tudun Wada, Zariya da Kafanchan da aka buɗe don wannan aiki. Inda babu irinsu, a nufi babban asibiti mafi kusa, daga nan sai 'yan sanda da ofishin walwalar jama'a.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa a Najeriya yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro namiji ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Ku lura da maza a lissafin, don su ne ba a tambaya. Kuma galibi mai yin abin ba baƙo ba ne. Wanda aka yarda da shi ne: mai koyar da waƙa, mai kai yara gida a babur bayan an tashi, mai biya wa marainiya kuɗin makaranta. Yana fara sayen zuciyar iyaye tun kafin ya taɓa yaron, shi ya sa ranar da magana ta fito za ka ji ana cewa "Haba, wane? Ba zai yi ba."

Masu cewa a rufa wa ikkilisiya asiri, su dubi abin da ya faru a Ingila. Wani lauya, John Smyth, ya riƙa yi wa samari dukan azaba, yaran da yake samu ta sansanonin Kirista. Tun 1982 wasu shugabannin coci suka sani, har rahoto aka rubuta, amma ba a kai wa 'yan sanda ba. Ya koma Zimbabwe a 1984, ya buɗe nasa sansanin, ya ci gaba da cutar da yara. Ya mutu a 2018 ba a hukunta shi ba. Da cikakken bincike ya fito a Nuwamba 2024, Akbishop na Kantabiri, Justin Welby, wato babban limamin Cocin Ingila, ya ajiye muƙaminsa a kan wannan batu. Sunan da aka so karewa bai tsira ba, yaran Zimbabwe kuwa su suka biya kuɗin shirun. Mu ma idan muka yi wa mai laifi canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye, abin da muka yi ke nan.

Nakan ji ana kafa hujja da Matiyu sura 18, inda aka ce a sasanta da ɗan'uwa a keɓe. A surar nan dai aka yi maganar dutsen niƙa a wuyan wanda ya sa yaro tuntuɓe. Gafara tana da wurinta, horon ikkilisiya ma haka, amma fyaɗe laifi ne a dokar ƙasa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma "ai da yardarta" ba ya wanke kowa.

Rigakafin ba ya buƙatar kuɗi. Babba ɗaya kada ya keɓe da yaro, ko a makarantar Lahadi, ko wurin gwajin waƙa, ko a sansanin Birged, wato ƙungiyar yara ta coci. A kasance biyu, ƙofa a buɗe. Wanda ya zo sabo ya zauna a san halinsa tukuna, a tambayi inda ya fito, kafin a ba shi aji. Malami ba ya hira da yarinya a WhatsApp da dare. Wannan ƙa'ida ta hau kan fasto ma, kuma fasto na gari shi zai fara nemanta.

Ba yara kaɗai ba ne. Akwai gwauruwar da ake riƙe wa buhun masarar tallafi sai ta zo gida da yamma, da kurmar da ba ta iya faɗin abin da aka yi mata, da mai taɓin hankalin da ake ɗaure wa da sarƙa da sunan addu'a. Ɗaurin nan cin zarafi ne. A yi masa addu'a, a kai shi likita.

Kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu da za a riƙa kai wa ƙorafi, ɗaya mace daga Zumuntar Mata, kada su zama dangin shugaba, a sanar da sunayensu daga bagade. Idan yaro ya buɗe baki, a saurare shi ba tsawa, ba "me ya kai ki can?", a ce masa ba laifinsa ba ne. Kada a yi masa alkawarin ɓoyewa, kada a haɗa shi gaba da gaba da wanda ya ambata. A rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, a sa rana da lokaci, a kai shi asibiti a ranar.