Takuwan

Takuwan wani abin haɗin ci ne na ƙasar Japan, wanda ake yi da daikon, wato farin radish (wata saiwa mai siffar karas) mai tsawo da kauri. Ana shanya shi, sannan a binne shi cikin dusar shinkafa da gishiri har ya yi tsami. Ana yanka shi siriri a ci da shinkafa. Bisa al'ada ana danganta sunan da Takuwan Soho (1573–1645), wani malamin addinin Buddha na ɗariƙar Zen. A Koriya ana kiran irinsa danmuji.

Aikin na farkon lokacin sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Disamba. Ana ɗaure daikon da ganyensa, a rataye a inda iska ke kaɗawa, ruwan sama kuma ba ya taɓawa, na kwana 10 zuwa 14. Wannan shanya ita ce tushen aikin gaba ɗaya, domin ruwan jikinsa yana raguwa, zaƙinsa ya tattaru, ya samu garas-garas ɗin da aka san takuwan da shi. Da hannu ake gane ya isa. Idan ya lanƙwasu kamar baka, ya dace da wanda za a cinye da wuri. Wanda za a ajiye watanni kuwa sai ya lanƙwasu kamar harafin U ba tare da ya karye ba. A Akita, wani yanki a arewacin Japan, inda ƙanƙara ke hana shanya a waje, a saman murhu ake rataye shi hayaƙi ya busar da shi, ana kiran wannan iburigakko.

Awo kan busasshen daikon ake yi, ba ɗanye ba. Ga kilo 10, ana sa gishiri giram 600, dusar shinkafa kamar kilo 1.5, sukari giram 300 zuwa 500, da busasshen barkono kaɗan. Wasu na ƙara ciyawar teku ta kombu da busasshen ɓawon kaki, ɗan uwan kanya. Takuwan mai gishirin nan na kashi 6 cikin 100 na ci ne cikin wata biyu ko uku. Wanda zai kai lokacin zafi yana buƙatar kashi 10 ko fiye.

Ana murza kowane daikon a kan katako don cikinsa ya yi laushi. A barbaɗa haɗin dusar a gindin ganga, a jera daikon a matse, a cusa ganyensa a duk inda aka ga rami, a sake barbaɗawa, haka har sama. A rage dusa mai yawa don rufin ƙarshe, a shimfiɗa sauran ganyen, a ɗora faifan katako, a danne da dutse mai nauyin daikon ɗin sau biyu. Cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ruwa zai taso, sai a rage nauyin da rabi. Bayan wata ɗaya ana iya fara ci.

Yawancin ɓarna daga rashin tasowar ruwan nan take. Idan dutsen bai yi nauyi ba, ko an bar sarari tsakanin jeri, iska na zama a ciki, fumfuna ta kama kafin ƙwayoyin da ke samar da tsami su yi ƙarfi. Maganinsa a ƙara nauyi, ko a zuba ruwan gishiri kaɗan. Wuri mai ɗumi na sa tsamin ya wuce kima, naman daikon ya saki, shi ya sa ake ajiye gangar a ɗaki mai sanyi da duhu. Farar yanar da ke saman ruwan ana kwashe ta, amma daikon da ya yi yauƙi da warin ruɓa na zubarwa ne.

Launin ɗorawa mai haske yana fitowa da kansa, yayin da sinadarin yajin daikon ke narkewa a hankali. Ɗorawa mai kauri irin na kanti daga kurkum, 'ya'yan shukar gardeniya ko rinin abinci yake.