Waiwaye: Yadda aka gane gurbin ƙwan ƙwari a ganyen da ya zama dutse

An daɗe ana ganin ƙananan tabo masu siffar ƙwayar shinkafa a jikin ganyen da ya daskare cikin dutse, ana ɗaukar da yawansu a matsayin fumfuna ko ciwon ganye. Aikin masana biyu, Hellmund da Hellmund, tun daga 1991, a kan ganyayen Rott da ke Jamus, ya taimaka wajen sauya wannan fahimta. Sun gwada tabon da irin wanda ƙwari dangin mazari ke bari a yau in sun yi ƙwai, suka ga ya yi daidai.

Macen tana da tsinke a ƙarshen cikinta. Da shi take tsaga ganye, ta cusa ƙwai ɗaya, ta gusa, ta sake tsagawa. Ƙwan da wuya ya tsira. Gurbinsa ne ke saura, tsawonsa galibi milimita 1 zuwa 3. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne bakin tabon. In yana da kauri ya ɗan tasa, to ganyen na da rai sa'ad da aka huda shi, har ya yi ƙoƙarin warkewa. Sai jerin. Wasu kan jera ƙwan bibbiyu a gefen jijiyar ganye, wasu kuma a gantsare kamar baka, layi bayan layi, domin macen na tsaye wuri guda tana kaɗa cikinta dama da hagu. A ganina wannan jeri ya fi komai daraja: motsin jikin ƙwaro ne ya zauna a dutse.

A 2004 masana Béthoux, Galtier da Nel suka bayyana tabo a karan Calamites, wani tsiro na zamanin da, daga Graissessac ta Faransa, mai kimanin shekara miliyan 300. A 2005 Vasilenko ya raɗa wa irin wannan sawu suna Paleoovoidus. Binciken 2009 a Patagoniya ta Ajantina, ciki har da ganyayen Laguna del Hunco masu shekara miliyan 52, ya nuna jeri iri ɗaya da na ƙwarin yau.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne saurin ɗora tabon a kan mazari. Akwai wasu ƙwari masu irin wannan tsinke, wasunsu sun ƙare tuntuni. Tabo ɗaya tilo, ba jeri, ba kaurin baki, bai isa hujja ba.