Waiwaye: Yadda Ihun 'Yan Kallo Ya Zama Makami a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Daren 8 ga Oktoban 1988, a birnin Baton Rouge na jihar Louisiana, saura ƙasa da minti biyu a tashi wasa, ƙungiyar jami'ar LSU tana shan kashi da ci 6 da nema a hannun baƙinta Auburn. Sai Tommy Hodson ya jefa wa Eddie Fuller ƙwallo, ya cafe ta a cikin gidan Auburn. Mutum sama da 79,000 suka miƙe lokaci guda suna tsalle da kururuwa, aka tashi 7 da 6. Da aka duba na'urar auna girgizar ƙasa da ke wani ginin jami'ar kusa da filin, sai aka tarar allurarta ta motsa daidai lokacin da aka ci wannan ƙwallo. Har yau da sunan "wasan girgizar ƙasa" ake kiransa, kuma duk sanda aka tayar da musu kan amfanin buga wasa a gida, sai an ambato shi.

Ƙwallon ƙafar Amurka dai ba irin tamu ba ce. Ta fi kama da zari-ruga: ana ɗaukar ƙwallon da hannu, ana jifa, ana kayar da juna, mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare. Kafin kowane hari, madugun masu kai harin, wanda suke kira kwatabak, shi ne zai faɗa wa abokansa dabarar da za a yi, kuma da muryarsa yake ba da umarnin a saki ƙwallo. Daƙiƙa 40 gare shi. Idan ɗaya daga cikin mutanensa ya zabura kafin a saki ƙwallon, alƙalin wasa zai mayar da su baya yadi 5. To a nan 'yan kallo suke samun ƙofa. In 'yan gida ne ke riƙe da ƙwallo, filin sai ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Da zarar ta koma hannun baƙi, sai a ɓarke da ihu don kada su ji juna. A wasan da aka yi a filin Penn State a 2019, sai da ƙungiyar Michigan ta nemi a tsayar da agogo tun kafin ta buga ƙwallon farko, saboda hayaniya ta hana 'yan wasanta shiryawa.

Wannan taro mai tsayar da wasa ba da shi aka fara ba. Wasan farko tsakanin jami'o'i, wanda Rutgers ta doke Princeton 6 da 4 ranar 6 ga Nuwamban 1869, mutum kimanin ɗari ne suka kalla. A 1903 Harvard ta gina filinta da siminti da ƙarfe, abin da ba a saba gani ba, kuma wannan gini ya yi wa wasan tasirin da babu wanda ya yi zato. Bayan yawan mace-macen 'yan wasa a 1905, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya sa baki, an kawo shawarar a faɗaɗa fili don a rage cunkoso da karo. Filin Harvard kuwa siminti ne, ba ya faɗaɗuwa. Sai aka koma ga wata shawarar, aka halatta jefa ƙwallo gaba a 1906. Wato kujerun 'yan kallo suna cikin abubuwan da suka tsara yadda ake buga wasan a yau.

Yale ta biyo baya a 1914 da fili mai kamar ƙwarya, mai cin mutum sama da 70,000. Daga nan sai gasar gine-gine ta ɓarke a shekarun 1920. Ohio State ta buɗe nata a 1922, Michigan kuma a 1927, inda daraktan wasanninta Fielding Yost ya sa aka yi harsashin yadda za a iya ƙara masa girma nan gaba. A wancan zamani gasar ƙwararru ta NFL jaririya ce, don a 1920 aka kafa ta, kuma idon jama'a a kan jami'o'i yake. Jihohi irin su Alabama da Nebraska har gobe ba su da ƙungiyar NFL, saboda haka ƙungiyar jami'a ita ce tutar jiha, wanda ya yi karatu a can da wanda bai taɓa taka ƙofar aji ba duk nata ne. A yau filayen jami'o'i takwas ne suke ɗaukar mutum fiye da 100,000, alhali Wembley na Ingila 90,000 yake ci. Na Michigan shi ne babba, kujeru 107,601, a garin Ann Arbor da mazaunansa ba su wuce 120,000 da ɗoriya ba. An taɓa cusa mutum 115,109 a cikinsa a wasansu da Notre Dame a 2013.

Da filaye suka samu, sai kowace makaranta ta shiga ƙirƙiro hanyar tsorata baƙo. Mafi shahara ita ce ta Texas A&M. A watan Janairun 1922, ana wasa da Centre College a Dallas, rauni ya cinye 'yan wasan A&M, sai koci Dana Bible ya kirawo wani ɗalibi, E. King Gill, ya sa rigar wasa ya tsaya a gefen fili ko za a buƙace shi. Ba a sa shi ba, amma ya tsaya har aka tashi, A&M ta yi nasara 22 da 14. Daga nan ɗaliban makarantar suka laƙaba wa kansu "mutum na goma sha biyu", kuma a tsaye suke kallon wasa daga fari har ƙarshe. Da tsakar daren jajiberin wasa ma sukan taru a filin su yi atisayen ihu.

A Mississippi State ƙararrawar wuyan shanu suke kaɗawa. SEC, gasar manyan jami'o'in kudu maso gabashin ƙasar, ta haramta ta a 1974, magoya baya suka yi ta ɓoyo da ita a cikin riga, har aka gaji aka yi sulhu a 2010 cewa a kaɗa, amma a lokutan da aka ƙayyade. A Iowa kuwa koci Hayden Fry, wanda ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam, fenti ruwan hoda ya sa aka shafe ɗakin sauya kayan baƙi da shi, wai launin yana sanyaya jiki. Kocin Michigan Bo Schembechler ya tsani ɗakin har yakan sa a manne bangon da takardu kafin yaransa su shiga. Wasu kuma ba su buƙatar dabara, Allah ne ya ba su: filin Wyoming a Laramie yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,200, baƙo kan fara haki tun ba a je ko'ina ba. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Jami'ar Miami ta ci wasa 58 a jere a gidanta daga 1985 zuwa 1994, kafin Washington ta karya lagonta. Wanda ya tuna yadda Kano Pillars ta shafe shekaru ba a doke ta a Kano ba ya san irin wannan kwarjini.

Tun da wuri shugabannin wasan suka gane cewa talabijin kishiya ce ga wannan taro. An fara nuna wasan jami'a a talabijin a 1939, kuma a farkon shekarun 1950 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta karɓe ikon nuna wasanni, ta taƙaita yawansu, bisa tsoron cewa mutane za su zauna a falo su bar kujeru wayam. Haka aka yi ta tafiya fiye da shekara talatin, sai jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa tsarin ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwanci. Kuɗi suka kwararo. Tare da su kuma ikon sa lokacin wasa ya koma hannun gidajen talabijin, waɗanda sau da yawa ba sa bayyana ƙarfe nawa za a fara sai saura kwana goma sha biyu, wani lokaci ma shida. Mai tuƙa mota awa huɗu da iyalinsa don kallon wasa shi ne ya kwana a ciki.

Tsoron mutanen 1950 bai tabbata nan take ba, don 'yan kallo sun ci gaba da ƙaruwa har zuwa 2008, lokacin da matsakaicin masu halartar wasa a babban rukunin jami'o'i ya kai kusan 47,000. Daga nan aka fara gangara. A 2019 ya sauko 41,477, a 2021 kuma ya faɗi ƙasa da 40,000, abin da ba a gani ba tun 1981, kodayake ya ɗan farfaɗo daga baya. Su ma waɗannan alƙaluma da gyara a cikinsu, domin makarantu da yawa tikitin da aka raba suke ƙirgawa, ko mai shi ya zo ko bai zo ba. Binciken da jaridar Wall Street Journal ta wallafa a 2018 ya nuna cewa waɗanda suka shiga ta ƙofa kimanin kashi 71 cikin ɗari ne na adadin da ake sanarwa. Nebraska tana alfahari da cewa tun Nuwamban 1962 ba a taɓa yin wasan da tikitinta ya yi kwantai ba, amma a 2021 sai da masu hannu da shuni suka saye ragowar aka raba wa yara kyauta kafin tarihin ya tsira.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: tsadar tikiti da wurin ajiye mota, wasan da ke cin fiye da awa uku saboda tallace-tallace, ga kuma babbar talabijin a gida. Abin da ya fi ci wa makarantu tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibai, tunda su ne masu ihun. Nick Saban, kocin Alabama a lokacin da take lashe kofuna, ya sha yin ƙorafi a bainar jama'a cewa ɗalibai suna ficewa kafin a tashi, har a 2019 jami'ar ta fito da wata manhajar waya mai ba da lada ga wanda ya zauna zuwa zangon ƙarshe. A shekarar ce kuma SEC ta ɗage haramcin sayar da giya a filayenta. Jami'ar Northwestern kuwa ta rushe filinta mai cin 47,000 don gina mai cin 35,000.

To wai nawa ne ainihin ribar wasa a gida? A ganina ta fi ƙanƙanta da yadda ake kambama ta. 'Yan cacar Las Vegas, waɗanda kuɗinsu ke kan layi, sun daɗe suna ƙiyasta ta a kan maki 3 ko kusa da haka, a wasan da kai ƙwallo gidan abokin hamayya sau ɗaya yake ba da maki 6. Yawan nasarorin da manyan makarantu ke samu a gida kuma akwai hannun kuɗi a ciki. A cikin wasanni 12 na kaka sukan buga bakwai a gida, wani lokaci takwas, kuma biyu ko uku daga ciki ƙananan makarantu ne da aka biya su zo a lallasa su, ba tare da alƙawarin rama ziyara ba. Wani sa'in reshe kan juye da mujiya. Michigan ta biya Appalachian State dala 400,000 a 2007, baƙin suka doke ta 34 da 32 a gaban mutum sama da 109,000. Notre Dame ta biya Northern Illinois dala miliyan 1.4 a 2024, ta sha kashi 16 da 14.

Annobar korona ta 2020 ta ba da damar gwajin da ba wanda zai iya shiryawa. Big Ten, ɗaya daga cikin manyan gasannin jami'o'i, ta buga wasanninta babu 'yan kallo sai iyalan 'yan wasa, SEC kuma ta bar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na kujeru. A NFL a wannan kaka, masu masauki sun ci wasa 127, sun faɗi 128, an yi canjaras ɗaya. A ƙwallon Turai masu bincike sun lura cewa da aka kwashe 'yan kallo, bambancin katin gargaɗin da alƙalai ke ba baƙi da 'yan gida ya ragu. Wannan ya ƙarfafa wani tsohon zato, cewa wani kaso na tasirin taro a kunnen alƙali yake sauka.

Abubuwa biyu sun sauya a 2024, kuma kowanne ya ja igiyar ta nasa ɓangaren. An amince koci ya riƙa magana da ɗan wasa ɗaya ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa, ana katse layin idan saura daƙiƙa 15, abin da ya rage wa baƙi wahala, duk da cewa kwatabak ɗin sai ya isar da saƙon ga sauran mutum goma cikin hayaniyar. A ɗaya hannun, USC da UCLA da Oregon da Washington sun koma Big Ten saboda kuɗin talabijin, don haka ƙungiya daga Los Angeles kan tashi ta keta ƙasar zuwa New Jersey, kusan kilomita 4,000, inda agogo ya bambanta da awa uku.

A wannan shekara ce kuma aka faɗaɗa gasar cin kofin ƙasa zuwa ƙungiyoyi 12, aka ce zagayen farko a harabar jami'o'i za a buga shi. A watan Disamba, Notre Dame da Penn State da Texas da Ohio State duk suka ci a gida, kowacce da tazarar maki 10 ko fiye. Masu kirarin gida suka ce ga hujja, suka fara neman a mayar da zagaye na biyu ma harabar makarantu. Sai dai masu masaukin nan su ne dama aka jera a sama a jadawalin ƙarfi, don haka sakamakon bai raba gardama ba. Da shekara ta zagayo, a Disamban 2025, Alabama ta je Norman, garin jami'ar Oklahoma, Oklahoma ta fara zuba mata 17 da nema, amma aka tashi 34 da 24 baƙi ne a sama. Washegari Miami ta shiga Kyle Field, filin Texas A&M, gidan mutum na goma sha biyu, ɗalibai suna tsaye tun daga farko kamar yadda suka saba, ta fita da ci 10 da 3.